Filin Tambaya da Amsa: Yadda Masu Sana'a Ke Wanke Kafet

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duk a kan kafet suke, don haka muka zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa.

Wata uwargida daga Malali ta rubuto: "Assalamu alaikum. Kafet ɗin falona mai ruwan madara ne, daga bango zuwa bango. Na sa yara sun wanke shi da omo da buroshi, ya fito tas. Ko wata guda bai cika ba ya fi da baƙi, in an taka ma sai a ji yana ɗan kama ƙafa. Me ya jawo, kuma me masu sana'ar ke yi wanda mu ba ma yi?"

Wa'alaikumussalam Hajiya. Omon da aka wanke shi da shi yana nan a cikin gashin kafet ɗin, bai fita ba. Tufafi ana ɗauraye su cikin bokiti sau biyu ko uku a matse, amma kafet da ke manne da ƙasa ba shi da wannan gatan. Ruwan ya bushe, sabulun ya zauna, kuma aikin sabulu shi ne kama datti. Duk ƙurar da ta shigo ta taga da wadda aka kwaso a tafin ƙafa sai ta manne masa. Danƙon da kike ji ke nan. Ki gwada da kanki: zuba rabin kofin ruwan ɗumi a gefe guda ki murza da yatsa. In kumfa ya taso, kin ga mai laifin.

Mai sana'a ba ya fara da ruwa. Injin tsotsar ƙura yake fara ɗauka, ya bi kafet ɗin a busasshensa, a hankali, a tsaye sannan a kwance. Mafi yawan dattin kafet busasshe ne, yashi da ƙura da gashi, musamman a nan Kaduna bayan hunturu. Jar ƙasarmu in ta sha ruwa taɓo take komawa, ta nutse can gindin gashi inda fitar da ita ke da wuya. Wanda ya shigo gidanki ya fara jiƙa kafet bai share shi da inji ba, ya riga ya ɓata rabin aikin.

Daga nan sai gwajin kala. A jiƙa farin ƙyalle da maganin da za a yi amfani da shi, a danna a lungun da kujera ke rufewa, a bar shi kamar minti 5. In ƙyallen ya ɗauko launi, sai a sauya magani ko a sauya hanya.

Sai a fesa maganin wanki sama-sama, gwargwadon awon da ke jikin robar. Ninka awo ba ya ƙara tsafta, saura kawai yake ƙarawa. A bi da buroshi mai laushi ko injin buroshi don maganin ya shiga tsakanin gashi, a ba shi minti 10 zuwa 15 ya narkar da maiƙo, amma kada a bari ya bushe. Sannan a kawo babban injin, wanda ke fesa ruwan zafi ta bakin wani dogon bututu yana tsotse shi nan take zuwa wani tanki daban. Wasu na ce masa wankin tururi, alhali ruwan zafi ne. Ruwan da ke cikin injin na ɗauraya ne, ko dai zalla ko da ɗan maganin ɗauraya mai tsami wanda ke kashe kaifin sabulu. Ana jan bututun baya-baya a hankali sau ɗaya da feshi, a maimaita sau biyu ba feshi, tsotsa kaɗai, kowane layi ya ɗan hau kan na kusa da shi. A waɗannan ja biyun na tsotsa ake gane gwani. Mai gaggawa yana tsallake su, ya bar miki kafet sharkaf.

In an gama sai a taje gashin ya fuskanci gefe guda, a sa 'yar leda ko takardar alminiyam a ƙarƙashin ƙafafun kujeru da tebur, domin fentin katako da tsatsar ƙarfe suna sauka kan kafet mai laima, kuma tabonsu da ƙyar yake fita.

Naki a yanzu ba ya buƙatar wani sabulu. A bi shi da inji da ruwan ɗumi zalla har sai kumfa ya daina taruwa a tankin datti. In kumfan ya yi yawa akwai maganin kashe kumfa da ake ɗigawa a tankin, don kada ya hau ya shiga motar injin.

Wani magidanci daga Unguwar Dosa: "An kawo mini kafet na tsakiyar falo tsaraba, an ce na ulu ne. Ta yaya zan tabbatar, kuma da gaske ne wankinsa daban?"

Daban ne ƙwarai, Alhaji, kuma ka yi dabara da ka tambaya kafin ruwa ya taɓa shi. Duba bayansa tukuna, sau da yawa akwai 'yar takarda da aka rubuta irin zaren. In babu, yanko ɗan gashi kaɗan daga lungu da almakashi, ka riƙe da ɗan ƙarfe ka kai shi bakin ashana a waje. Ulu yana ƙauri irin na gashin da aka babbake, wutar ta mutu da kanta, tokar ta murmushe tsakanin yatsu. Zaren roba narkewa yake ya dunƙule ya zama ƙwallo mai tauri. Auduga na ci kamar takarda ta bar toka mai laushi. Akwai kuma gwajin kofi: zaren polifirofilin, wani nau'in zaren roba, ya fi ruwa sauƙi, in ka jefa shi cikin ruwa mai ɗigon sabulu sai ya taso sama, nailan da ulu kuwa su nutse. Yawancin kafet ɗin inji da ake shigowa da su daga Turkiyya, inda birnin Gaziantep ya yi suna wajen saƙa su, na zaren roba ne, ko da laushinsu ya yi kama da ulu.

In ya tabbata ulu ne, to gashin tunkiya ne, kuma abin da ke cutar da gashin kai yana cutar da shi. Bilic narkar da shi yake. Kanwa da omo da duk wani abu mai kaifi suna sa shi ya yi tauri, ya koma rawaya, kalarsa ta zuba. Masu sana'a na duba ma'aunin pH a jikin magani: 7 ne tsakiya, ƙasa da haka tsami, sama da haka kaifi irin na kanwa. Ulu na son abin da ke tsakanin 5 da 8, zaren roba kuwa yana jure har wajen 10. Ruwan ya zama mai ɗumi wanda hannu ke iya zama a ciki, gugar buroshi kuma ta zama kaɗan, domin zafi da guga ke sa ulu ya cure kamar tsohon bargo.

Akwai wani iri mai sheƙi da 'yan kasuwa ke kira siliki, alhali biskos ne, daga itace ake sarrafa shi. Ruwa kaɗai ya isa ya sa shi rawaya ya kwantar da gashinsa. Wannan kada a wanke shi a gida sam.

Wata amarya daga Kinkinau: "Mun wanke kafet a watan Agusta. Kwana uku bai bushe ba, yanzu ɗakin wari yake, gefen kafet ɗin kuma ya yi ja-ja kamar an zuba shayi. Tabon da muka ga ya fita ma ya dawo."

Amarya, abu uku ne suka same ki, kuma duk uwarsu ɗaya: ruwa ya yi yawa, ya kuma daɗe. Kafet da aka wanke daidai yana bushewa cikin awa 6 zuwa 12. Da zarar ya wuce kwana ɗaya zuwa biyu da laima, fumfuna ta fara tsirowa a bayansa, ita ce warin. Jan da kika gani kuwa daga gindin kafet yake. Da yawa ana saƙa bayansu da zaren algarara, irin na buhu, wanda in ya jiƙe yana sakin wani launin ƙasa-ƙasa. Kafet daga sama yake bushewa, ruwan ƙasa na hawowa ta jikin zare kamar yadda kananzir ke hawa lagwani, ya taho da launin ya ajiye a kan gashi. Ta wannan hanyar ce tsohon tabon ya dawo: samansa aka wanke, gindinsa na nan.

Ɗaga kafet ɗin ki duba bayansa da simintin ko tayil ɗin da ke ƙasa. In ɗigo-ɗigon baƙi ko kore sun mamaye bayan, ko kin ja zaren ya tsinke ba wuya, ya ruɓe, kuma mai asma ko jariri bai kamata ya kwana kusa da shi ba. In bai kai haka ba, a goge ƙasan a bar shi ya bushe, a ɗora kafet ɗin kan benci ko kujerun roba iska ta bi ta ƙasa da sama, a kunna fanka biyu su riƙa busa a kwance a kan fuskarsa. In akwai na'urar sanyaya ɗaki a rufe tagogi a kunna ta, tana janye laima daga iska. Jan kuma a haɗa farin binega kashi 1 da ruwa kashi 2, a fesa sama-sama kan gashi kawai, a danna da farin tawul, a busar da gaggawa. Inda tabo ya dawo, bayan an sake goge shi a ninka tawul a ɗora, a danne da abu mai nauyi ya kwana, dattin da ke hawowa sai ya shige tawul ɗin.

A ganinmu babban wankin shekara a Kaduna a watan Maris ya fi dacewa: ƙurar hunturu ta lafa, zafi ya shigo, ruwa bai sauka ba. Yuli da Agusta su ne mafi muni. In dole ta kama a damina, saboda biki ko suna, a nemi mai wankin ƙaramar laima. Iri biyu aka fi sani. Akwai maganin da ake fesawa a murza da injin buroshi, ya kewaye datti ya bushe ya zama gari, a tsotse shi daga baya, kafet ɗin ya bushe cikin awa 1 zuwa 2. Akwai kuma wani gari mai ɗan laima da ake barbaɗawa a cusa da buroshi, ya sha datti, a tsotse. Ba sa kai wa gindi kamar injin ruwan zafi, amma ba sa barin wari.

Wani ɗan'uwa daga Kawo: "Ni wajen wankin mota nake kai nawa. Akwai matsala?"

In na roba ne wanda ake naɗewa, babu laifi, Malam, da sharaɗi. A kakkaɓe shi sosai kafin ruwa. Kada a shimfiɗa shi inda baƙin mai ya zuba, domin polifirofilin yana son mai fiye da kowane zare. Bakin injin feshin ya zama mai baza ruwa, a nisanta shi kamar taku ɗaya, a bi kwanciyar gashi. A ɗauraye har kumfa ya ƙare, a tatse ruwan da katako mai bakin roba, a shanya bayansa na kallon rana don kada kala ta koɗe. Na ulu da wanda aka manne bayansa da gam da ƙyalle, kada su je can. Ƙarfin ruwan na ɓamɓare gam ɗin, gashi ya fara zuba.

Wata uwa daga Tudun Wada: "Yarona ɗan shekara biyu yana yawan fitsari a kan kafet ɗin ɗakina, a nan kuma nake sallah. Na goge da turare da sabulu, amma da hadari ya haɗu sai zarnin ya taso. Ya zan yi in samu tsafta da tsarki?"

Allah ya raya shi, Malama. Fitsari in ya bushe yana barin gishiri a cikin zare, gishiri kuma yana jan laimar iska, shi ya sa zarnin ke farkawa da damina. Ƙwayoyin cuta na cin abin da ya rage suna fitar da amoniya, ita ce ke hawa hanci. Turare rufe shi kawai yake na ɗan lokaci. Ki kuma sani, abin da kike gani a sama ƙarami ne, a gindi ya bazu ya fi haka faɗi.

In sabo ne, ninka tawul ki ɗora ki taka da ƙafa, ki sauya wani har ya daina jiƙa. Kada ki goga, guga baza shi take. Sai ki zuba ruwan sanyi kofi guda, ki sake tsotsewa da tawul, sau uku ko huɗu. In tsoho ne, binega da ruwa rabi da rabi, a jiƙa wurin har ya zarce gefen tabon da kamar tafin hannu, a bar shi minti 10, a tsotse, a ɗauraye. Masu sana'a na amfani da magani mai inzayim, wanda ke cinye abin da ke kawo warin. Yana son lokaci: a jiƙa, a rufe da leda don kada ya bushe, a ba shi awannin da aka rubuta a jikinsa. Ruwa mai tsananin zafi ko wani magani mai ƙarfi na kashe aikinsa, don haka shi ake fara sawa. Wasu na zuwa da tocila mai shuɗin haske, a kashe wutar ɗaki tsofaffin wuraren su haskaka, har waɗanda ba a san da su ba. Dole kuma a ɗaga kafet a wanke ƙasan, in da soso a ƙarƙashi a yanke wurin a sauya.

Muna roƙonki kada bilic ya kusanci fitsari, kada kuma a haɗa shi da binega. Dukansu biyun suna tayar da iska mai guba da ke ƙona huhu, balle a rufaffen ɗaki mai yaro.

Batun tsarki kuwa, a mazhabar Malikiyya da yawancinmu ke bi, ruwa tsantsa wanda ba a gauraya da komai ba ne ke kawar da hukuncin najasa. Don haka kowane magani aka sa, ɗaurayar ƙarshe ta zama da ruwa zalla, har ya fito launinsa da warinsa ba su sauya ba. In mai inji kika kira, ki faɗa masa tun farko ya zuba ruwa zalla a tanki a zagayen ƙarshe. Sauran bayani na hukunci sai a tuntuɓi malamai.

Wata Hajiya daga Unguwar Rimi ta jero tabo huɗu bayan taron biki: manja, zoɓo, tofin goro da lalle.

Manja: kwashe da cokali daga gefe zuwa tsakiya, barbaɗa garin sitaci, ba shi rabin awa ya sha man, a share. Sai a ɗiga sifirit mara kala a kan farin ƙyalle a riƙa dannawa. Kada a tsiyaya shi kan kafet, yana narkar da gam ɗin baya. A bi da ruwan sabulun wanke-wanke, rubu'in ƙaramin cokali a kofin ruwan ɗumi, ba fiye ba, a ɗauraye. Fetur da kananzir ba sa cikin lissafi: ɗaya gobara ne, ɗaya kuma shi kansa tabon mai ne.

Zoɓo da goro, da shayi ma, tsami suke so. Launin zoɓo in ya haɗu da kanwa ko sodar burodi rikiɗa yake ya koma shuɗi-shuɗi ko kore mai duhu, goro da shayi kuma su ƙara kafewa. Ruwan sanyi tukuna, sannan binega 1 ruwa 2. In inuwa ta rage a kafet mai haske, haidirojin na kemis mai kashi 3 cikin ɗari, a shafa a bar shi ya bushe. In mai kashi 6 aka samu a raba shi da ruwa rabi da rabi, a kuma gwada a lungu, domin yana iya cin kala.

Lalle shi ne mai wuyar, Hajiya, gara mu faɗa miki gaskiya. Sinadarin da ke sa shi kama fata shi ne ke sa shi kama ulu, nailan ma yana shan sa. A ɗebe ƙullin da bakin cokali ba tare da an jiƙa ba, a bi da ruwan sanyi da ɗan sabulu nan take. In ya kwana a kan ulu, sai dai a rage shi. Ranar ƙunshi a shimfiɗa leda da tsohon zani.

Wani matashi daga Rigasa: "Ina so in shiga sana'ar. Me zan fara saya?"

Allah ya sa albarka, ɗan'uwa. Injin tsotsar ƙura mai kyau, injin feshi da tsotsa, robar feshi ta hannu, buroshi mai laushi da mai ɗan tauri, fararen tawul masu yawa, takardar gwajin pH, da fankar busarwa ko da guda biyu. In za ka zaɓi inji, ƙarfin tsotsa ya fi ƙarfin feshi muhimmanci, mai motar tsotsa biyu ya fi mai ɗaya. Ka yi lissafin wuta: motar tsotsa ɗaya na cin wat 1,000 ko fiye, mai dafa ruwa na ciki ya fi haka, ƙaramin janareton shago ba zai ɗauka ba. Kana iya dafa ruwa daban ka zuba a tanki. Injin faifai mai juyawa, wanda ke zagaye 175 a minti, na ofis da otal ne, sama kawai yake sharewa, kuma yana warware gashin kafet ɗin gida mai tsawo.

Kafin ka taɓa kafet ɗin mutane, zagaya da mai gida ka nuna masa ƙuna da koɗewa da inda gashi ya cinye a bakin ƙofa, ka ɗauki hoto da waya. Wurin da yashi ya kankare zare yana nan da duhu ko an wanke, domin ba datti ba ne, kuma in ba ka faɗa da wuri ba kai za a ɗora wa. Kullum in ka tashi aiki ka zubar da tankin datti, ka wanke matatar injin, ka bar murfin a buɗe ya sha iska.

Ta ƙarshe daga Badarawa: "Garwashin turaren wuta ya faɗo daga kasko ya ƙona mini kafet, kamar girman kwabo."

Wanki ba ya gyara ƙuna, Hajiya. In saman gashi ne kawai ya babbake, a datse baƙin da ƙaramin almakashi a taje. In ya kai gindi, a yanke wurin da reza murabba'i, a yanko daidai girmansa daga ragowar kafet ko daga ƙarƙashin kabad, a duba gashin ya kwanta gefe ɗaya da na kewaye, a manne da gam ta baya, a danne da littattafai ya kwana. Kaskon kuma a riƙa ɗora shi kan faranti mai faɗi ko tayil guda, domin polifirofilin yana narkewa tun a wajen digiri 160, gindin kasko mai zafi ma ya isa ya bar masa zobe.